Daga Aji zuwa Majalisa: Asali da Tafarkin Malaman Boko a Arewacin Nijeriya

Tarihin aikin koyarwa a makarantun boko na Arewacin Nijeriya tarihi ne na mutanen da aka zaɓo da kyau, aka horar da su da kyau, sannan aka kwashe fitattun cikinsu zuwa wasu ayyuka tun kafin furfura ta same su a cikin aji. Duk wanda ya bi diddigin gidajen da malaman suka fito, da makarantun da suka ratsa, da kuma inda suka ƙare, zai ga cewa tun daga farko an gina wannan sana'a a matsayin mashigar da ake bi a wuce zuwa mulki ko siyasa ko aikin ofis, kuma wannan gini shi ne ya ba ta martabarta ta dā, shi ne kuma ya raunana ta daga baya, lokacin da wasu ƙofofin suka buɗe, haziƙan yara suka daina buƙatar bi ta cikin aji kafin su kai inda suke so.

Kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da malamanta, kuma tana da tsarin da mutum yake bi ya zama malami. Yaro yakan fara a makarantar allo yana ƙolo, wato ƙaramin almajiri mai koyon babbaƙu da farfaru, ya zama titibiri, ya zama gardi wanda ya yi ƙarfin da zai taimaka wa malaminsa wajen biya wa ƙanana karatu, daga nan idan ya sauke ya kuma haddace har ya iya rubuta Alƙur'ani da ka sai a kira shi alaramma, wanda ya ƙware ƙwarai kuma a kira shi gwani. Wanda ya nufi fiƙihu da nahawu da tafsiri sai ya shiga makarantar ilimi ta zaure, ya yi ta bin malamai littafi bayan littafi, wani lokaci daga gari zuwa gari, har malaminsa ya ba shi izinin karantarwa. Babu albashi a wannan tafarki, abin da malami yake rayuwa da shi shi ne gonarsa da kuɗin Laraba da sadakar jama'a. Mata ma suna da nasu tsari, domin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji, wato shugabannin mata masu kai karatu ƙauyuka, ƙarƙashin tsarin da aka sani da 'yan taru. Abin lura a nan shi ne, a wannan tsari ɗaukakar malami ba ta raba shi da ɗalibi, domin iya ƙaruwar iliminsa iya yawan masu zama a gabansa.

Daga cikin waɗannan malaman zaure aka sami malaman boko na farko. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa, a bayan ganuwar Kano, kuma ɗaya daga cikin azuzuwanta na manyan mutane ne da suka riga suka yi karatun addini, aka koya musu rubutun boko da lissafi da ɗan labarin ƙasa domin su koma lardunansu su buɗe makarantu. Yaran da za su zauna a gabansu kuwa sai da aka sa hannun sarauta kafin a same su, saboda iyaye suna ɗar-ɗar da karatun da Nasara ya kawo. Akan aza wa hakimi adadin yaran da zai kawo, wani ya ba da ɗansa, wani kuma ya ɓoye nasa ya tura ɗan baransa. Wannan ne ya sa rukunin 'yan boko na farko ya haɗa jinin sarauta da 'ya'yan alƙalai da limamai da kuma 'ya'yan bayin sarki da barorin fada, amma da wuya a sami ɗan manomin da ba shi da wata alaƙa da gidan sarauta. Mahaifin Abubakar Tafawa Ɓalewa ma'aikacin hakimin Lere ne a ƙasar Bauchi, shi kuwa Yusuf Maitama Sule, wanda ya zo daga baya, ya shiga makaranta ne ta hannun Madakin Kano, ubangidan mahaifinsa.

Cibiyar da ta tsara wannan sana'a ita ce Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, wadda ta fara aiki a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a 1922. Manufarta a fili take: a horar da samari Musulmi 'yan Arewa waɗanda za su koyar da 'ya'yan Musulmi, don kada gwamnati ta dogara da malaman mishan ko na Kudu a masarautun da aka yi wa alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Ɗaliban kaɗan ne ƙwarai, kowane lardi yana turo 'yan ƙalilan da suka fi fice a makarantarsa, karatun kuma na shekara biyar ne, an ba da ƙarfi a kan Ingilishi, musamman iya furta shi, tare da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa. Ba a bar addini a baya ba, domin Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, yana cikin waɗanda suka daɗe suna koyarwa a can. Wanda ya gama sai a mayar da shi lardinsa ya zama ma'aikacin En'e, wato hukumar gargajiya da sarki yake shugabanta, albashinsa yana fitowa daga baitulmalinta, wurin aikinsa kuma yawanci makarantar Midil ce, wato makarantar kwana da aka kafa a manyan garuruwan larduna wajen 1930 don ta zama tsani tsakanin elamantare da kwaleji. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, inda daga baya ta ɗauki sunan Barewa.

Jerin waɗanda suka bi wannan tafarki kusan shi ne jerin shugabannin Arewa na ƙarni na ashirin. Ahmadu Bello ya gama Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato har zuwa 1934 lokacin da aka naɗa shi hakimin Raɓa. Abubakar Imam ya gama a 1932, ya koyar a Midil ta Katsina, a can ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar rubuta littattafai da Rupert East ya shirya, kuma a 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya koma Midil ta Bauchi, ya yi fiye da shekara goma yana koyarwa har ya zama hedimasta. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno, Aliyu Makaman Bida ya shugabanci Midil ta Bida, Shehu Shagari wanda ya fito daga Kwalejin Kaduna a 1944 ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato kafin ya zama hedimasta a Argungu, Maitama Sule kuma ya koyar a Midil ta Kano. Daga cikin waɗannan mutane aka sami Firimiyan Jihar Arewa, da Firayim Minista, da Gwamnan Arewa, da ministan ilimi na farko na Arewa, da kuma Shugaban Ƙasa.

An saba kawo wannan jeri don a nuna darajar malamin dā, kuma gaskiya ne yana nuna ta, sai dai yana nuna wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, wato ba ɗaya daga cikinsu da ya yi ritaya yana riƙe da alli. Ba laifinsu ba ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita karatu mai zurfi a kan mutane kaɗan, saboda haka da tsarin mulkin Richards ya kafa Majalisar Wakilai ta Arewa, na Macpherson kuma ya kawo muƙaman minista a farkon shekarun 1950, babu inda za a sami masu jin Ingilishi da za su iya zama su yi muhawara da 'yan Kudu sai a ɗakin malamai na makarantun Midil. Haka nan manufar mayar da ayyukan gwamnatin Arewa hannun 'yan Arewa, wadda gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello ta bi da ƙarfi, ta ci gaba da ɗebo malamai tana mayar da su jami'an mulki da manyan sakatarori. Makaranta ta zama tamkar rumbun iri da ake ta ɗiba ana ci, ba tare da an bar abin shuka isasshe ba.

Shekarun 1940 su ne lokacin da malami ya fara ganin kansa a matsayin mai haƙƙi da kuma mai ra'ayi. A Bauchi aka sami haɗuwar mutum uku da ba a cika samun irinsu wuri ɗaya ba: Tafawa Ɓalewa, da Aminu Kano, ɗan gidan malamai da alƙalai wanda ya zo koyarwa a 1942 bayan ya gama Kwalejin Kaduna, da kuma Sa'adu Zungur, wanda ya yi Katsina ya wuce Babbar Kwalejin Yaba a Ikko, ya koyar a Zariya, ya komo gida. A dandalin muhawara da aka kafa a garin a 1943 aka riƙa tattauna al'amuran mulkin En'e a gaban jami'an Turawa, abin da ba a saba gani ba. Daga 1945 aka fara tura zaɓaɓɓun malamai Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan su yi shekara guda, Ɓalewa yana cikin rukunin farko, Aminu Kano ya bi baya a 1946, kuma bayan dawowarsa ya jagoranci kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, wadda ta nemi gyaran albashi da sharuɗɗan aiki. Da hukuma ta ga kaifin bakinsa ya yi yawa a Bauchi sai aka mayar da shi Maru a lardin Sakkwato ya shugabanci makarantar horon malamai, a 1950 kuma ya ajiye aiki ya shiga siyasar jam'iyyar NEPU gaba ɗaya. A wannan shekara ce Ɓalewa ya gabatar da ƙudurinsa a majalisar Kaduna yana neman a yi wa tsarin En'e garambawul. Siyasar Arewa, ɓangarenta na masu ra'ayin riƙau da na masu neman sauyi, duk daga ɗakin malamai ta fito.

A Maru Aminu Kano ya yi aiki tare da wani matashin malami da ya biyo ta wata hanya dabam, wato Abubakar Mahmud Gumi. Hanyar ita ce ta Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka kafa a 1934 don horar da alƙalai a hannun malamai 'yan ƙasar Sudan, aka kuma sauya mata suna a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Ɗalibanta galibi 'ya'yan malaman zaure ne da alƙalai waɗanda suka zo da karatun gida mai ƙarfi, makarantar kuma ta ba su abin da zaure ba ya bayarwa: aji, da jarrabawa, da takardar shaida da gwamnati za ta ɗauki mutum aiki da ita. Wasunsu, har da Gumi, an tura su Bakht al-Ruda a Sudan a tsakiyar shekarun 1950 don su koyi dabarun koyarwa na zamani. Daga wannan reshe ne aka sami malaman Larabci da addini na makarantun gwamnati, da kwalejojin horon malaman Larabci, da kuma yawancin waɗanda suka assasa makarantun Islamiyya masu benci da allon bango. Shi ma Gumi bai tsaya a aji ba, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa a 1962, ko da yake ya ci gaba da karantarwa a masallaci da rediyo har ƙarshen rayuwarsa, kamar yadda al'adar malaman zaure ta gada.

Waɗanda suka ɗauki nauyin aikin da gaske, waɗanda kuma littattafan tarihi ba su riƙe sunayensu ba, su ne malaman elamantare. Waɗannan ba su ga Katsina ba. Yara ne da suka gama elamantare ko suka tsaya a tsakiyar Midil, aka kai su cibiyoyin horon malaman elamantare irin na Bauchi da Toro, aka horar da su da Hausa, sannan aka tura su garuruwan hakimai, inda sau da yawa malami ɗaya ko biyu suke riƙe da makaranta sukutum. Malamin elamantare shi ne mai rubuta wa mutane wasiƙa, shi ne mai karanta wa dattawa Gaskiya Ta Fi Kwabo a ƙofar fada, kuma da aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci a farkon shekarun 1950, wanda Ahmadu Coomassie ya yi fice wajen tafiyar da shi, da shi aka dogara wajen horar da masu koyar da manya. Tsaninsa sananne ne ga duk wanda ya yi aikin: ya sami takardar shaidar malanta mai daraja ta uku, ya koyar na 'yan shekaru, ya koma kwaleji ya sami mai daraja ta biyu, ya zama hedimasta, daga nan ya zama malamin ziyara, wato mai zagaya makarantun gunduma a kan keke ko doki yana duba littafin shirin darasi da rajistar yara, in Allah ya ɗaga shi ya zama jami'in ilimi na En'e. Kowane mataki na wannan tsani yana ƙara nisanta shi da yara. Gwanin makarantar allo yana ƙara ɗaukaka yana ƙara ɗalibai, shi kuwa malamin boko alamar ci gabansa ita ce ranar da ya daina shiga aji.

A yankunan da ba na masarautun Musulmi ba tafarkin ya bambanta. A can mishan ce ta buɗe makarantu, malamin farko kuma yawanci mai bishara ne wanda yake koyarwa ranakun mako ya jagoranci sujada ran Lahadi. Makarantar Gindiri a ƙasar Filato, wadda ta fara a 1934, da Wusasa kusa da Zariya, sun fitar da ɗimbin irin waɗannan malamai, 'ya'yan manoma ne mafi yawansu, waɗanda koyarwa ta zama musu hanyar farko ta samun albashi a tarihin zuriyarsu. Da yake sun fi yawa kuma ba su da fadar da za ta janye su, su ne suka cika makarantu da yawa na Arewa bayan samun mulkin kai, musamman bayan rikicin 1966 da ya sa malamai 'yan Gabas suka koma gida.

Mata sun shigo a makare, kuma ta ƙunƙuntar ƙofa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a inuwar fadar sarakuna, da malamai Turawa, sai a 1939 aka buɗe cibiyar horon malamai mata a Sakkwato. Ɗaliban farko 'ya'yan fada ne da na ma'aikatan En'e, kuma aure yakan katse karatun da yawansu ko ya tsayar da aikinsu bayan shekara ɗaya ko biyu. Duk da haka kwalejojin horon malamai mata da aka buɗe daga baya su ne suka zama babbar hanyar da 'yar Arewa ta bi ta shiga aikin gwamnati, domin koyarwa da aikin jinya su ne sana'o'in da iyaye da mazaje suka fi amincewa da su. Sakamakon wannan tarihi yana nan har yau: makarantun firamare na cikin birane cike suke da malamai mata, na ƙauyuka kuwa, inda ganin malama zai fi ƙarfafa wa iyaye gwiwar barin 'ya'yansu mata su yi karatu, sau da yawa babu ko ɗaya.

Bayan 1960 aka ƙara wa tsanin matakai na sama. Rahoton kwamitin Ashby ya ba da shawarar a samar da malamai masu matsakaicin matsayi tsakanin mai daraja ta biyu da mai digiri, daga nan aka kafa manyan kwalejojin horon malamai, ta Zariya a 1962, ta Kano bayanta, masu ba da takardar shaidar malanta ta ƙasa wadda aka fi sani da NCE bayan karatun shekara uku. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ita ma aka buɗe a 1962, ta kafa cibiyar ilimi da ta riƙa kula da manhajar kwalejojin malamai na Arewa baki ɗaya. A wancan lokaci malamin ƙauye yana iya hawa daga daraja ta uku har zuwa digiri, kuma da yawa daga cikin manyan farfesoshin Arewa na farko ta nan suka bi. Amma ɗibar malamai daga aji ba ta tsaya ba. Ƙirƙiro jihohi a 1967 ya buɗe sababbin ma'aikatu da suke neman ma'aikata, aikin soja da banki da kamfanoni suna kira, saboda haka azuzuwan kimiyya da lissafi na makarantun sakandare suka koma hannun malamai 'yan Indiya da Pakistan da Filifin da Masar da Gana, daga 1973 kuma aka ƙara da masu yi wa ƙasa hidima.

Babban sauyi a asalin masu shiga aikin ya zo ne da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumba na 1976. An yi tsammanin yara wajen miliyan biyu da dubu ɗari uku za su shiga aji ɗaya a faɗin ƙasa, sai kusan miliyan uku suka zo. Don a sami malamai aka buɗe kwalejojin horo barkatai, aka tsara kwasa-kwasan gaggawa: shekara ɗaya ga wanda ya ci jarrabawar gama sakandare, biyu ga wanda ya zauna bai ci ba, biyar ga wanda ya fito daga firamare kai tsaye. Inda duk wannan bai isa ba sai aka ɗauki malaman wucin gadi da ba su da wani horo. A wannan shekara ta 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don ta horar da waɗanda suke bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa. A karon farko ɗan talakan ƙauye, wanda ubansa bai san kowa a fada ba, ya sami kwalejin kwana da abinci da littattafai kyauta, har da ɗan alawus, da kuma tabbacin aiki ranar da ya gama. Wannan alheri ne babba, kuma masu kushe shirin sukan manta da shi. Illarsa ita ce an yi tsalle daga zaɓen 'yan ƙalilan zuwa ɗaukar duk wanda ya zo, ba tare da an tanadi isassun masu horar da su ba.

Ya kamata a yi wa kwalejin malamai mai daraja ta biyu adalci, domin da ita aka gina firamaren Arewa. A zamaninta tana ɗaukar yaro yana ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, ta raine shi shekara biyar a kan cewa shi malami ne. Yana koyon dukkan darussan firamare, ba guda biyu kawai ba, yana koyon rubutu a allo a miƙe, da rubuta shirin darasi, da haɗa kayan koyarwa daga kwali da kara da yumɓu, kuma ba ya samun takarda sai ya ci gwajin koyarwa, wato makonnin da ake tura shi wata firamare ya riƙe aji, malamansa suna zuwa ba sanarwa su zauna a baya suna ba shi maki. Wanda ya faɗi wani darasi yakan fita da takarda mai gibi, ya yi ta komawa har ya cike. Tsofaffin hedimastoci har yanzu sukan gane wanda ya bi ta wannan hanya daga yadda yake tsayawa a gaban allo.

Shekarun 1980 suka zo da faɗuwar farashin man fetur, nauyin firamare kuma ya riga ya koma kan ƙananan hukumomi da jihohi waɗanda ba su da ƙarfin ɗaukarsa. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya zama ruwan dare, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya cinye darajar ɗan abin da ake biya. An kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka sake dawo da ita a 1993, kowane juyi kuma malami ne yake ji a jikinsa. A wannan zamani ne malamin firamare ya koma haɗa koyarwa da noma ko tireda ko acaɓa, a wannan zamani ne kuma masu gidajen haya da iyayen 'yan mata suka fara yi masa kallon wanda ba shi da tabbas. Mutumin da a shekarun 1950 hakimi yake ba shi wurin zama kusa da shi ya koma mai bin layi a sakatariyar ƙaramar hukuma yana neman a biya shi haƙƙinsa.

Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta ƙudurta cewa NCE ce za ta zama mafi ƙarancin shaidar koyarwa, a kan haka aka riƙa rufe kwalejojin daraja ta biyu ana mayar da su makarantun sakandare. A takarda wannan ɗaga matsayi ne, amma a aikace ya sauya irin mutumin da yake shigowa. Kwalejin ilimi tana ɗaukar wanda ya gama sakandare, makin shigarta ya fi na jami'a ƙasa, saboda haka da yawa daga cikin ɗalibanta waɗanda jami'a ba ta ɗauka ba ne, suna zuwa da niyyar samun takardar da za su nemi digiri da ita. An daɗe kuma ana horar da su a kan darussa biyu irin na sakandare, sannan a tura su firamare su koyar da yaro ɗan shekara shida karatu da rubutu, abin da ba a taɓa koya musu yadda ake yi ba. Aka ƙara da ɗaukar aiki ta hanyar alfarmar 'yan siyasa, inda gurbin malami ya zama ladan wahalar zaɓe. Da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a 2017 ta ce fiye da 21,000 ba su ci ba ta kuma sallame su, ƙungiyar malamai ta yi jayayya a kan yadda aka gudanar da jarrabawar, amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wace kwaleji ce ta ba su takarda, wane jami'i ne kuma ya sa hannu aka ɗauke su.

Tsohon tafarkin bai mutu gaba ɗaya ba. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya koyar da ilimin sinadarai a Zariya da Katsina kafin ya zama gwamna da Shugaban Ƙasa, Ibrahim Shekarau kuma ya tashi daga malamin lissafi zuwa shugaban makaranta, zuwa babban sakatare, zuwa gwamnan Kano a 2003. Akwai kuma dubban malamai masu ƙwazo da riƙon amana a makarantun gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya, waɗanda suka zaɓi aikin da zuciya ɗaya, suke riƙe da aji mai yara fiye da ɗari ba tare da kowa ya san sunansu ba. Abin da ya rage musu a gaba shi ne dai abin da ya rage wa malamin elamantare na zamanin En'e: in suna son ƙarin girma na sosai, sai su nemi kujerar hedimasta, ko ofishin sakataren ilimi, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha.

An ɗauki wasu matakai na gyara. Dokar 1993 ta kafa majalisar rajistar malamai don a mayar da koyarwa sana'a mai lasisi kamar likitanci, dokar 2022 kuma ta ɗaga shekarun ritayar malami zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Tsawaita zaman mutum a aiki bai taɓa ainihin matsalar ba, matuƙar tsarin ƙarin girma yana nan yadda aka gada. Gwamnatocin jihohin Arewa, waɗanda su ne suke da iko a kan firamare da sakandare, suna iya ƙirƙiro matsayin babban malamin aji wanda albashinsa zai kai na darakta a ma'aikatar ilimi, a ba shi bisa ga abin da aka gani da ido na koyarwarsa da abin da ɗalibansa suka iya, a kuma ɗora masa horar da sababbin malamai a makarantar da yake. Suna iya dawo da ɗaukar haziƙan yara tun daga ƙaramar sakandare da tallafin karatu da tabbacin aiki, musamman 'yan mata daga ƙauyukan da za su koma su koyar. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar izinin Abuja, majalisar dokokin kowace jiha tana iya zartar da su a zama guda.